Tukwanen Kaka Sun Shiga Waya

Kakata ta wajen uwa maginiyar tukwane ce, a wani ɗan ƙauye kusa da Ceberu a ƙasar Gwandu. Tun da na yi wayo nake ganinta a gindin bishiyar dogon yaron da ke bayan ɗakinta, ƙafafu a miƙe, curin yumɓu a gefe guda, ƙwaryar ruwa a ɗaya gefen. Randa take ginawa, da tulu, da tukunyar miya, da kaskon turare idan biki ya matso. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka. Ita ta ce mini Maigida, ni in ce mata Amarya. Ba na ce mata Kaka sai da wata bukata a bakina, ita ma ta san haka.

Ni malamin sakandare ne a Kalgo. Wata shekara, bayan an gama girbi, aka shirya bita a garin kan yadda za a yi amfani da waya a nuna wa duniya sana'o'in ƙauyuka, ko baƙi sa riƙa zuwa gani da ido, mutanen ƙauye su amfana. Shugaban makarantarmu ya tura ni saboda tarihi nake koyarwa, shi kuma a ganinsa duk abin da ya tsufa nawa ne. An koya mana yadda ake riƙe waya kada hoto ya yi rawa, da yadda ake ba rana baya, da yadda ake buɗe shafi, da yadda ake sa alamar wuri a taswirar waya don baƙo ya iso ba sai ya yi ta tambaya a hanya ba. Matar da ta jagoranci bitar ta yi ta nanata magana ɗaya: ba kango ake nema ba, ba kayan da aka kulle a gilashi ba, gado ake nema mai rai, wanda har gobe hannu ke yin sa. Tana faɗa, ni kuwa hannun kakata nake gani.

Da aka tashi makaranta a ƙarshen mako na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na canza wata zuwa Gwandu, daga nan kabu-kabu ya kai ni ƙauye. Na iske ta tana murza yumɓu.

Na durƙusa na ce, "Kaka, barka da aiki."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To, mi aka so yau?"

"An ce mana ke gado ce mai rai."

Sai ta dakata, ta dube ni sama da ƙasa. "Gado? Na kwanciya ko na rabo? In na kwanciya na, ga tabarma can. In na rabo na, ka bari in mutu tukuna, Maigida. Gaggawar mi kaka yi?"

Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Zan ɗauki hotonta mai motsi tana aiki, in sa a waya, mutanen nesa su gani, wasu ma su zo har gida. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Wa za ya baro garinsu ya zaka kallon tsohuwa tana wasa da laka? Kai dai boko ya taɓa ka."

Da maganar ta tsaya nan, da ba don Goggo ba. Goggo aminiyar Kaka ce tun suna amare, Bafulatana, gidanta na kan tudu a bakin gari kusa da garken 'ya'yanta. Kullum idan ta dawo tallan nono sai ta biyo ta gindin dogon yaron, ta sauke ƙwarya, su yi ta gardama har la'asar. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ban kuma taɓa ganin ɗaya ta ci abin daɗi ba ta ajiye wa ɗaya ba. Ranar ta iso ana tsakiyar zancen, ta ji, ta ce, "Ƙyale ta, ɗana. Tsoro taka ji a ga huskarta. Ni ka ɗauke ni, ga ni ga ƙwaryata."

Kaka ta ce, "Gobe da sahe ka zo da wayarka."

Da safe na shirya tun hantsi bai ɗaga ba, na zaɓi inda haske ya fi kyau. Kaka ta shige ɗaki ta daɗe. Da ta fito sai da na ja da baya. Atamfar da ke ƙasan akwati ta ɗauko, wadda ba ta fitowa sai sallah, tana ƙanshin turaren wuta. Ta sa kwalli, ta yafa mayafi, ta aika aka aro mata kujerar roba daga maƙwabta. Ta jera tukwane a bayanta, manya a baya, ƙanana a gaba, kamar 'yan makaranta za a ɗauke su hoto. Ta zauna ta ɗora hannuwa a kan gwiwa.

Na ce, "Amarya, yumɓun fa?"

"Da wanga zanen? Ka yi hauka?"

Na ce to ta yi magana kawai, ta gaya wa mutane yadda ake gina tulu. Ina danna waya sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba ta fito daga bakin kakata. "Assalamu alaikum jama'a masu sauraronmu, a duk inda kuke." Hausar rediyo sak. Matar da duk rayuwarta "munka" da "sunka" take cewa, ga ta tana lanƙwasa harshe tana "muka" da "suka" kamar a Kano aka yanke mata cibiya. Ta gaida maigari. Ta gaida liman da na'ibinsa. Ta gaida dangin marigayi kakana gida-gida, ta haura Masama, ta gangaro Gwandu, ta tsallaka har Jega. Na yi ta yi mata alama da hannu ta juyo kan tukwane, ita kuwa ta ɗauka cewa nake ta ƙara. Cajin wayar ya ƙare ba ta ambaci yumɓu ko sau ɗaya ba.

Da na koma Kalgo na rage tsawon gaisuwar na sa a shafin. Dangi ne kawai suka kalla, kuma ba tukwanen suke kallo ba, sunayensu suke jira. Abin da ya biyo baya shi ne fushin ƙanwar Kaka da ke aure a Masama, wadda ta aiko a tambaya laifin me ta yi aka gaida kowa ban da ita. Kaka ta ce, "Ni na gaishe ta. Kai ka yanke ta, kai za ka ɗinke ta." Haka na sayi goro na hau kabu-kabu zuwa Masama ban haƙuri. Tsohuwar ta karɓi goron, ta ce ta yafe, amma in tabbata wani karon da ita za a fara.

Zuwan da na yi bayan wannan ban zo da wani shiri ba. Na ce, "Kaka, yau ba magana. Ki yi aikinki, ni in jingina waya a kan turmi."

Ta ce, "Aje abinka. Ni dai kada ka tsaida ni, yumɓuna na bushewa."

Tana cikin tsohon zanenta na aiki, kallabi ya zame gefe. Ta riga ta jiƙa yumɓun ta cuɗa shi da dakakken tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, don kada sabuwa ta tsage a wuta. Ta kifa wata tsohuwar tukunya, ta shimfiɗa yumɓu a gindinta, ta riƙa bugawa da wani faffaɗan dutse, tas, tas, tas, har ya kwanta ko'ina daidai. Ta bar shi ya sha iska, ta cire, ta juyo shi sama. Sai ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, tana zagaya tulun a sunkuye, da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana ɗan gunguni da hanci wanda ba waƙa ba ne sosai. Da ta zo wuya ta jiƙa tsumma ta riƙe bakin, ta zagaya sau ɗaya, wuyan ya fito sumul. Ta gangara totuwar masara a kafaɗarsa, ado ya zauna. Na sha ganin wannan tun ina yaro, amma ban taɓa zama na kalla daga fari har ƙarshe ba sai ranar.

Ana cikin haka Goggo ta iso, ta sauke ƙwarya, ta karkata kai.

"Wuyan wanga tulu ya karkace."

"Idonki ya karkace."

"Randar da kinka ba ni bara ma yoyo taka yi."

"Gumi na, ba yoyo ba. In ba ta yi gumi ba ina ruwa za ya yi sanyi? Kin tsuhwa kina shan ruwan randa ba ki san haka ba?"

"To ni dai ƙasan ta kullum jiƙe."

"Awa nononki, da rabinai ruwa na."

Suna cikin wannan wata akuya ta lallaɓo ta tsoma baki a ƙwaryar ruwan aiki. Kaka ba ta ko waiwaya ba, ta gutsuri yumɓu ta wurga ta bayan kafaɗa, ya sami akuyar a goshi. Akuya ta yi tsalle, Goggo ta yi dariya har ta riƙe ciki.

A wurin bita an gargaɗe mu kada mu sa hoton kowa sai ya gani ya yarda. Don haka na zauna tsakaninsu a tabarma na kunna musu. Kaka ta matso da fuskarta kusa da wayar, tana kallo.

Ta ce, "Hannun wa ke nan?"

"Naki mana."

"Sun tsuhwa." Ta ƙara kallo, har inda wuyan tulun ya fito. "Amma sun iya."

Daga nan ta koma kan kallabinta, wai me ya sa ban gaya mata ya zame ba, ina miji ina kallo matata za ta fita duniya haka. Goggo ta ce lallai kada a yanke inda ta ce wuya ya karkace. Kaka ta ce to kada a yanke zancen nono ma. Aka bar duka a ciki, har da akuya.

Wannan bidiyon shi ya yi tafiya. Mutanen da ban sani ba suka riƙa turawa junansu, saƙonni suka riƙa shigowa daga garuruwan da Kaka ba ta taɓa jin sunansu ba. Ya zama duk ƙarshen makon da na je, bayan azahar, su biyun za su zauna in karanta musu. Wasu suna tambayar ko akuyar ta warke. Wasu sun goyi bayan Goggo, wasu Kaka, kowacce kuma tana ƙirga magoya bayanta a zuci. Na koya wa Kaka saƙon murya, ta danna ta riƙe ta yi magana. Da farko takan saki maɓallin tun tana sallama, daga baya kuma ta ƙi saki ko ta gama, sai a ji ta tana aiken wani ya ɗebo mata ruwa. Wani ya rubuto cewa zamanin randa ya wuce tunda ga firji. Kaka ta ce in ba ta wayar. Ta danna ta ce, "Ɗana, na gode. Ka gaishe min da hirjinka ranar da anka ɗauke wuta."

Akwai saƙo ɗaya da ya bambanta. Wani mutum ne da ke aiki a Legas. Ya ce shi haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Gwandu, rabonsa da gida an daɗe. Ya ce yana wurin aiki ya kunna bidiyon, da ya ji ƙarar dutse a kan yumɓu sai ya kasa ci gaba da abin da yake yi, domin da wannan ƙarar yake farkawa yana yaro. Mahaifiyarsa maginiya ce, ta rasu yana can.

Kaka ta ce, "Tambaye shi ɗan wa na."

Na tambaya. Ya faɗi ƙauyensu da gidansu da sunan mahaifiyar. Kaka ta sa hannu ta rufe baki. Ta san ta. Rami ɗaya suke haƙar yumɓu suna 'yan mata, tare suke ɗaukar kaya a ka zuwa kasuwar Gwandu. Ta karɓi wayar. Da ta danna, babu Hausar rediyo, babu gaisuwar sarakai. Ta ce masa uwarsa ta fi kowa iya tulu mai siririn wuya, ta ce idan za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi saboda wushiryarta, ta ce wata rana ruwa ya tare su a hanyar kasuwa suka kifa tukwane a ka suka yi ta gudu. Ta yi mata addu'a, ta ce masa in ya zo gida ya biyo ya sha ruwa. Amsarsa ta zo a gajarce. Ranar Kaka ba ta tsokane ni ba har na tafi, Goggo ma ta ɗauki ƙwaryarta ba gardama.

Sanyi na ƙarewa sai ga saƙo daga wasu mata uku, malaman wata kwaleji a Katsina. Suna son su zo su gani da ido, su taɓa yumɓu da hannunsu. Na kai maganar wurin maigari, ya ce ai baƙin Kaka ne, ita za ta faɗi yadda take so. Na zaci za ta ce su zo kawai. Ashe ta daɗe tana tunani. Ta ce kada su zo ranar kasuwar Gwandu, kada su zo Jumma'a, kuma duk mai zuwa nan gaba ya sani ba a zuwa da damina, lokacin gona ne. Kada a ɗauki hoton matar kowa sai an tambaye ta. Kada a yar da leda, awaki na ci. Abin da muka ci shi za su ci. Sannan ba za a kai kowa ramin yumɓu ba.

Na ce, "Kaka, ai ramin shi ne farkon labarin."

Ta ce, "Yau hoto, gobe motar tihwa ta zaka ta kwashe. Ramin ga tun kakata aka ɗiba da ƙwarya bai ƙare ba. Rubuta abin da nic ce."

Na rubuta a shafin yadda ta faɗa. Saura alamar wuri a taswira. A ƙauyen nan kuwa sabis ɗin waya ba ya kamawa sai a kan tudu, dab da garken su Goggo. Can nake hawa duk lokacin da zan tura wani abu, can kuma na tsaya na sa alamar. Ni a zatona na ja ta zuwa ƙofar gidan Kaka.

Ranar zuwansu Kaka ta sa aka share gindin dogon yaro tas. An tuƙa tuwon shinkafa, an yi miyar kuka da busasshen kifi. Wannan karon zanen aiki ta ɗaura, amma kallabin sabo ne, ta kuma ɗaure shi tamau. Muka zauna jira. Hantsi ya ɗaga, rana ta take tsaka, shiru. Kaka ta fara cewa dama ta faɗa, wa zai zo. Tana faɗa tana leƙen hanya. Na ce bari in hau tudu in kira su in ji ko lafiya.

Ina hawa na hango mota a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidan Goggo. Ga mata uku a kan tabarma sun cire takalma, kowacce da ludayi a hannu, ƙwaryar fura da nono a tsakiya. Goggo na tsaye kusa da randar nan tata, tana nuna musu jiƙaƙƙen ƙasan da sanda, tana bayanin cewa ita ce take gyara wa maginiyar kurakuranta shekara da shekaru, ba don ita ba da tulunan garin nan duk a karkace suke.

Na ce, "Goggo! Tun yaushe suka zo? Me ya hana ki aiko?"

Ta ce, "Baƙo ya zaka ƙohwar gidana in kore shi? Wayarsu ta ce nan na. Ni ina gardama da waya?"

Matan suka yi ta dariya, suka ce su sun gane ta tun daga nesa, ai ita ce mai cewa wuya ya karkace. Na rako su zuwa cikin gari, Goggo na gaba kamar ita ta gayyato su. Kaka na ganinmu ta tafa hannu ta ce, "An sace min baƙi da rana tsaka! Maigida, da kai anka haɗa baki?"

Aka gaisa, aka sha ruwan randa. Da Kaka ta tabbatar daga Katsina suke sai fuskarta ta washe, domin mu Kabawa da Katsinawa abokan wasa ne tun kakanni, duk inda suka haɗu sai sun taɓa juna. Babbar cikinsu, wata mai tabarau da zoben zinariya, ita ta fara. Ta ce, "Mun zo duba bayinmu ne, mu ga ko suna aiki."

Kaka ta ce, "Bayi? Ku da kunka ɓace da taswira a hannu? Tuɓe zoben ga, uwar ɗakina, ki shiga laka."

Ta sa su suka naɗe zannuwa zuwa gwiwa suka shiga taka yumɓu da ƙafa. Ɗaya ta zame ta riƙe 'yar'uwarta, su biyun suka zauna daɓas. Kafin a jima matan unguwa sun taru a bakin zana suna leƙe, dariya kamar gidan suna. Baƙin suka tambayi izini kafin su ɗaga waya, wasu matan suka yarda, wasu suka ja mayafi, ba wanda ya matsa. Ƙaramarsu ta tambayi inda ake samo yumɓun, Kaka ta nuna wajen gabas da leɓe ta ce, "Can." Matar ta gane, ta yi murmushi, ta bar zancen.

Kowacce aka ba ta curi ta gina abin da za ta iya. Biyu suka haƙura da ɗan kasko. Mai tabarau ta ce ita tukunyar miya za ta yi. Ta yi ta fama, gumi na ɗiga daga haɓarta, tukunya na tashi tana jingina gefe guda kamar mai ciwon baya. Kaka ta zagaya ta, ta ce, "Wagga Bakatsiniya ta, ko tsayuwa ba ta iya ba."

A nan wani abu ya faru da ban zata ba. Cikin masu leƙe akwai matar ɗan kawuna, wadda ke gida ɗaya da Kaka, wadda kullum take cewa ita ba za ta taɓa yumɓu ba, yana ɓata hannu. Da ta ga mai tabarau na neman rusa bakin tukunyar sai ta kasa daurewa. Ta shigo ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ba haka ba. Hannun ciki shi ke turawa, na waje tarewa kawai yake." Ta kama hannun baƙuwar ta gyara mata. Kaka ta gani, ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Washegari da safe, kafin in kama hanyar Kalgo, na ga curi biyu a gindin dogon yaro maimakon ɗaya. Matar ɗan kawuna ta gama shara, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta zo ta zauna.

Su baƙin, a ranar, sun ci tuwo har da ƙari, sun sayi tulu da kasake, sun sayi man shanu a wurin Goggo, sun tafi kafin la'asar ta yi sanyi. Tukunyar mai tabarau aka bari, domin sai ta bushe an gasa. Maganar alamar taswira kuwa, da na ce zan gyara, maigari ya ce a bar ta inda take. Can akwai inuwa da filin ajiye mota, ga sabis, kuma mota ba za ta riƙa kutsawa lungu tana firgita yara da kaji ba. Baƙo ya sauka can, ya sha fura, ya tako da ƙafa. Kaka ta yi ta mita, amma ta yarda.

Na dawo ranar gashi. Bayan gari ake yi, da la'asar, idan iska ta kwanta. Aka kifa tukwane a kan juna, manya a ƙasa, aka lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu da 'ya'yan Goggo suka kawo a amalanke. Kaka ta yi bismillah ta sa wuta, muka ja baya saboda zafi. Da safe aka tone toka. Wata babbar randa da Kaka ta fi ji da ita, wadda ta yi wa ado har gindi, ta tsage daga baki zuwa ciki. Kaskon farko na matar ɗan kawuna ya fito lafiya. Karkatacciyar tukunyar Katsina kuwa ta fito ja wur, ko ƙwarzane babu. Kaka ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara rau.

Goggo ta ce, "To, yau kam sai ki koma Katsina koyo."

Na yi niyyar kauce wa fasasshiyar randar da wayata, Kaka ta ce, "Ɗauka. Su gani ba kullum aka dacewa ba." Ta tsaya kusa da ita na ɗauka, ta ce za a daka ta ta shiga cikin sababbi.

Ni aka ɗora wa nauyin kai tukunyar mai tabarau tasha. Aka naɗe ta da ciyawa da tsohon buhu, na rungume ta a kan kabu-kabu kamar jinjiri, duk ramin da muka faɗa sai na ce wa mai babur ya yi a hankali. A tashar Gwandu direban da zai miƙa ta gaba ya buɗe buhun ya duba, ya ce, "Malam, tun kafin in karɓa, ka shaida a lanƙwashe ka kawo ta." Na ce ya kwantar da hankalinsa, haka aka haife ta.

Bayan ta isa, mai tabarau ta turo hoto. Ta ɗora tukunyar a kan tebur a falonta, ta zuba furannin roba a ciki. Na kai wa Kaka hoton wani yammaci da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, ana ta kwashe ɗanyun tukwane zuwa rumfa. Ta kalla, ta riƙe haɓa.

"Tukunyar miya ta sa wa hure? Kai, Katsinawa! Ba ni wayar ga."

Ta danna ta riƙe. Ta ce mata ta kwashe furannin nan, ta shafe cikin tukunyar da man gyaɗa, ta ɗora a wuta marar ƙarfi, ta fara tafasa ruwan dusa a ciki kafin ta sa mata miya, kuma kada ta kuskura ta zuba ruwan sanyi tana da zafi. Tana cikin bayani matar ɗan kawuna ta kira daga rumfa, wai Kaka ta zo ta duba mata wuyan tulu kafin ruwa ya sauko. Kaka ta miƙo mini wayar ba ta ko yi sallama ba, ta tafi tana gyara ɗaurin zane. Na tura saƙon haka nan, na bi su da sauran tukwanen.